Silikon Ba Bushewa Yake Yi Ba, Nuna Yake Yi: Darasin Da Muka Saya Da Tsada A Agege



Mu uku ne a shagonmu, wa da ƙannensa biyu, sana'armu aikin alminiyam da gilashi a nan Agege. Tagogi, ƙofofi, akwatin gilashi na masu tsire da masu burodi da masu sayar da waya, duk muna yi. Tun da damina ta kankama, kusan kullum sai wani ya tsaya a bakin shago ko ya bugo waya da tambaya guda: "Na sa silikon a tagata jiya, yaushe zai bushe?" Wani kuma ƙorafi yake kawowa, wai ya sa a banɗaki, ya taɓa ya ji ya bushe, ya shiga ya yi wanka, bayan kwana biyu abin ya ɓamɓare. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta abin da muka sani, tare da labarin yadda muka san shi, domin ba a aji muka koya ba. Da kuɗinmu da mutuncinmu muka biya.

Shekarun baya, lokacin ba mu daɗe da buɗe shagon kanmu ba, wani mai gidan abinci ya kawo mana aiki. Irin wuraren nan ne da ake ajiye tarwaɗa da ranta a gaban masu ciniki, mutum ya nuna wadda yake so a kamo a yi masa farfesu. Ya ce tankin gilashi yake so, tsawo mita 1, faɗi santimita 50, zurfi santimita 45. Idan aka zuba ruwa ya kai santimita 40, lita 200 ke nan, wato kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu. Kuma babu ƙusa babu noti a wannan aiki, silikon kaɗai ke riƙe da gilasan.

Muka yanka gilashi mai kaurin milimita 10, muka haɗa ranar Alhamis da rana. Aikin ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Mai aikin ya ce ranar Juma'a da yamma zai buɗe wurin, ya riga ya gayyaci mutane, don haka lallai tankin ya iso kafin la'asar. Yayanmu ya ɗan ja baya, ya ce a bar shi ya ƙara kwana, amma da aka tambaye shi dalili bai da hujjar da ta wuce cewa haka ya ga ubangidansa yana yi. Mu ƙannen muka danna silikon da yatsa, muka ji shi kamar robar taya.

"Yaya, ai ya bushe, taɓa ka ji. In muka saɓa masa alkawari ba zai sake kawo mana aiki ba."

Ya taɓa, ya yi shiru, ya ce to a ɗauka. Muka kai, aka cika ruwa, aka zuba kifi, aka ba mu cikon kuɗinmu, muka dawo muna murna.

Wajen ƙarfe ɗayan dare waya ta tashe mu. Kusurwa ɗaya ta buɗe tun daga ƙasa har sama, gilashin gaba ya faɗo ya tarwatse, ruwa ya malale wurin, kifi na ta birgima a kan tayil, wani yaro mai aiki a wurin ya taka fasasshen gilashi ya yanke a ƙafa. Mu muka biya kuɗin kifi, muka biya na magani, muka sayi sabon gilashi. Amma abin da ya fi ci mana rai shi ne maganar da ta riƙa yawo a layin, wai 'yan Arewa ba su iya irin wannan aiki ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar baƙunta ya san wannan: idan ɗayanmu ya ɓata aiki, ba sunansa kaɗai ake kira ba.

Da gari ya waye muka kwaso ragowar tankin muka dawo da shi shago. Muka sa reza muka tsaga silikon ɗin kusurwar da ta buɗe. Daga waje roba ce sosai, kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Can ciki kuwa yana nan da ɗanyensa kamar man goge baki, ga warin tsami mai hawa kai kamar yanzu aka matso shi. Ashe ɓawo muka taɓa muka ce ya bushe.

Akwai wani dattijo Bayarabe kusa da mu wanda ya fara aikin gilashi tun kafin a haife mu. Da ya ji labari ya tako har shago. Bai yi mana dariya ba. Ya ɗauko wata tsohuwar kwalbar silikon da muka yi amfani da rabi muka jefar a lungu, ya sa ƙusa ya zaro daskararren da ya toshe bakinta, ya matsa, sai ga ɗanye ya fito. Ya ce mu faɗa masa abin da ya sa na bakin ya zama roba, na ciki kuma yana nan yadda yake bayan wata uku. Muka ce, "Baba, iska ce ta taɓa na bakin." Ya ce to mu riƙe wannan, sannan mu juya kwalbar mu karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, waɗanda tun da muka fara sana'a ba mu taɓa tsayawa mun karanta ba.

Ga abin da muka fahimta daga baya, daga bakinsa, da rubutun jikin kwalabe, da takardun bayanin kamfanoni, da kuma gwaji na shekaru.

Laka idan ta bushe, ruwan cikinta ne ya fita. Fenti idan ya bushe, abin da aka tsinka shi da shi ne ya bi iska. Silikon ɗin kwalba kuwa shi karɓa yake yi. Danshin da ke cikin iska, wanda ido ba ya gani, shi ne ke shiga cikinsa ya mayar da shi roba. Misali mafi kusa shi ne siminti. Duk birkila ya san bulo ba rana ce ke ƙarfafa shi ba, shi ya sa ake ba shi ruwa safe da yamma. To silikon ma haka yake, sai dai shi daga iska yake shan nasa ruwan. Saboda haka a shagonmu muka daina cewa ya bushe, muka koma cewa ya nuna.

Asalin abin daga yashi ne, domin daga yashi ake fitar da sinadarin da ake haɗa shi da shi. Wani masanin kimiyya Bature mai suna Frederic Kipping, wanda ya yi aiki a birnin Nottingham na Ingila, shi ya raɗa masa wannan suna a farkon ƙarni na 20. A 1940 wani Ba'amurke, Eugene Rochow, ya gano hanyar sarrafa shi da yawa, a 1943 kuma aka kafa kamfanin Dow Corning domin wannan sana'a. A cikin kwalba, abin yana nan ne kamar dogayen zarurruka da ba a ƙulla su da juna ba, kowane bakin zare an toshe shi da wani sinadari. Idan danshi ya taɓa wannan toshiya sai ta saki, bakin zaren ya kama na kusa da shi, wannan ya kama wancan, har su zama raga guda mai talewa ta dawo. Toshiyar da ta saki ita ce ke fita ta bi iska, ita ce warin binega da muke ji. Don haka muddin hancinka na jin wannan wari a jikin aiki, to ana kan nuna, ba a gama ba.

Tunda daga iska danshin ke zuwa, dole saman ne zai fara nuna. Da ɓawo ya samu, duk danshin da zai kai ciki sai ya ratsa ta cikinsa, kuma kullum ɓawon ƙara kauri yake yi, hanya na ƙara nisa. Shi ya sa ranar farko ake samun milimita 2 zuwa 3, rana ta biyu ba a samun kamar haka, ta uku ta fi ja baya. Idan ka ninka kaurin silikon sau biyu, lokacin jira yakan ninka sau uku ko huɗu. Yawancin kamfanoni ma suna gargaɗin kada zurfin ya wuce milimita 10 zuwa 12, domin tsakiyar na iya ɗaukar makonni. A tankinmu, silikon yana matse ne tsakanin gilashi da gilashi, gilashi kuwa ba ya wuce iska. Ta gefe biyu kawai danshi ke shiga, ga kuma mun ƙara lafta wani daga ciki don wai ya ƙara ƙarfi. Ashe hanyar numfashinsa muka ƙara toshewa.

To nawa ne lokacin? Alƙaluman da ke jikin kwalba a kan yanayi guda ake gwada su: zafi digiri 23, danshin iska kashi 50 cikin 100. A irin wannan yanayi kana da kamar minti 5 zuwa 10 ka shafe shi ya yi sumul. Tsakanin minti 10 zuwa 30 zai yi ɓawo, daga nan kada ka sake taɓa shi, in ka taɓa zai yamutse. Bayan kamar awa ɗaya ya daina kama yatsa, ƙura ba za ta manne masa ba. Siririn layi na gefen taga, wanda bai wuce milimita 3 ba, yakan nuna cikin awa 24. Gefen kwanon wanke hannu, bahon wanka da tayil ɗin banɗaki, mu muna cewa a ba shi awa 24 aƙalla, in an samu 48 ya fi. Tsaga mai zurfin milimita 6 tana son kwana uku zuwa huɗu. Duk abin da zai riƙe ruwa ko ya ɗauki nauyi, kwana bakwai cur, babu ragi. Manyan gine-ginen gilashin nan na Ikoyi da Victoria Island, inda silikon ke riƙe da gilashi a jikin bene, masu aikin sukan jira mako biyu zuwa uku kafin su cire abin tokare.

Sai maganar yanayi, wadda ta shafe mu mu da ke zirga-zirga tsakanin Kudu da gida. A Legas da Fatakwal, da damina danshin iska yakan haura kashi 80, ga ɗumi, don haka silikon yana saurin kamawa. Wani lokaci kafin ka gama jan layi ɗaya farkonsa ya yi ɓawo, shi ya sa a nan muke ja kaɗan mu shafe, mu ja kaɗan mu shafe. Wata shekara a watan Disamba muka je Kano sa wa mahaifinmu tagogi, hunturu ya sauka sosai, leɓe na tsagewa. Muka sa silikon irin wanda muka saba da shi, washegari muka danna muka ji har yanzu da laushi a ciki. Ƙaraminmu ya ce an sayar mana da jabu. Ba jabu ba ne. A hunturun Kano danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20, ga sanyin dare, abin bai samu ruwan sha ba. Muka jiƙa tsummoki muka rataya kusa da tagogin, muka ajiye bokitin ruwa a kowane ɗaki, muka ƙara masa kwana biyu, ya nuna lafiya lau. Wato iskar da ke busar da wanki cikin rabin awa ita ce ke sa silikon nawa.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa wasu dabarun gaggawa ba sa aiki. Mun sha ganin mai sa na'urar busar da gashi a kai. Busasshiyar iska mai zafi ce yake hura masa, saman zai ƙara tauri, cikin na nan. Ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki ma haka, domin tana tsotse danshin iska, gara a kashe ta a buɗe taga. Fanka a hankali tana taimakawa, saboda tana kore warin tana kawo sabuwar iska. Alminiyam ko kwanon rufin da rana ta gasa shi ma a guje shi, silikon yakan yi kumfa a kansa, a bari sai da safe ko da yamma.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Tunda danshi yake so, me zai hana a sa shi a jiƙaƙƙen wuri? Amsa ita ce danshin iska daban, ruwa kwance a jikin bango daban. Idan wurin a jiƙe yake, silikon zai nuna amma ba zai kama ba, ruwan ya shiga tsakani, ranar da ka ja shi zai biyo hannunka kamar igiya. Wurin da za a sa dole ya zama busasshe, babu ƙura, babu maiƙo, babu sabulu. Mu da sifirit muke gogewa mu bari ya sha iska. Tsohon silikon kuma sai an kankare shi tas da reza, sabo ba ya kama tsoho yadda ya kamata. Idan za ka shafe da ruwan sabulu a yatsa, ka tabbata ka riga ka cika tsagar, kada ruwan ya gangara inda ba ka kai ba tukuna.

Sannan silikon ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tsami, wanda za ka ga an rubuta Acetic ko Acetoxy a jikinsa, shi ne mai warin binega, shi ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha. Yana da kyau a gilashi da tayil mai sheƙi. Amma tsamin da yake fitarwa yana cin jan ƙarfe da tagulla da kwanon rufi, ba ya jituwa da siminti da mabul, kuma yana ɓata bayan madubi. Duk madubin da ka ga ya yi baƙaƙen tabo daidai inda aka manna shi, ka binciki irin silikon ɗin da aka sa. Akwai kuma mara tsami, wanda aka rubuta Neutral, warinsa kaɗan ne, ya fi tsada, kuma sau da yawa ya fi jinkirin nuna. Shi ya dace da rufi, da inda taga ta haɗu da bango, da madubi. 'Yan uwanmu masu haɗa sola da gyaran kayan lantarki su kula da wannan sosai, mai tsami a kan waya ko allon lantarki sannu a hankali yake cinye su. Na banɗaki kuma an sa masa maganin fumfuna, wannan magani yana kashe kifi, don haka tankin kifi yana da nasa na musamman.

Akwai wani kuma da ke zuwa a kwalba iri ɗaya amma ba silikon ba ne, an rubuta Acrylic. Shi wannan bushewa yake yi da gaske, ruwan cikinsa ne ke fita, don haka damina ce ke sa shi nawa, kuma ana iya yi masa fenti. Silikon na gaskiya fenti ba ya zama a kansa. In ba ka duba ba sai ka sayi wannan a madadin wancan.

A duba kwanan wata ma. Yawanci shekara ɗaya ce ƙa'idarsa daga ranar da aka yi shi, zafi kuma yana rage wannan wa'adi, ga shi kayan kasuwa sukan daɗe a kwantena a rana. Wanda ya lalace ba lallai ya daskare a kwalba ba. Wani zai fito sumul kamar lafiyayye, amma ko wata guda ya yi ba zai nuna ba. Mun taɓa sayen katan guda irin wannan saboda an rage mana kuɗi, muka kwana biyu muna goge tagogin mutane da tsumma. Araha ba ta ado. Yanzu duk sabon katan sai mun matsa kaɗan a kan kwali mun ajiye. Idan awa ɗaya ta wuce bai yi ɓawo ba, mayarwa muke yi.

Direbobi da makanikai, ku ma abin ya shafe ku. Jan silikon ko baƙi ko toka-toka da ake sawa a madadin gasket, yawancinsa da danshin iska yake nuna, kuma a matse yake tsakanin ƙarfe biyu. Da yawa daga cikinsu an rubuta a ɗaura noti da hannu, a jira kamar awa ɗaya, sannan a ɗaure sosai, a bar shi awa 24 kafin a zuba mai a tayar da inji. Mun san lodi na jira, amma wanda ya zuba mai nan take shi ne za ka tarar a gefen hanyar Ibadan mota na ɗigar da mai. Masu manna madubi ko allo a bango kuma, kada ku zagaye bayan da silikon ku rufe. Ku ja layuka a tsaye da tazara tsakaninsu don iska ta samu hanya, ku tokare shi har ya nuna.

Mai gidan abincin nan mun sake yi masa wani tankin kyauta. Wannan karon ya kwana bakwai a shago babu wanda ya motsa shi, sannan muka cika shi da ruwa a ƙofar shagonmu ya ƙara kwana biyu, don in zai fashe ya fashe a kanmu. Ya karɓa, amma sai da aka yi kusan shekara biyu kafin ya sake turo mana aiki. Tun daga lokacin, duk aikin da muka gama sai mu manna ɗan salatif a gefe mu rubuta rana da lokacin da aka sa silikon, da ranar da za a iya taɓa shi. Muna kuma matsa wani ɗan guntu mai kauri irin na aikin a kan kwali mu ajiye kusa. In mai aiki ya matsa mana lamba, guntun muke tsagawa da reza a gabansa ya ga cikin da idonsa. Akwai waɗanda suka yi fushi suka kai aikinsu wani wuri saboda mun ƙi ba su a ranar da suke so. Mun haƙura da kuɗinsu, domin mun riga mun ga yadda sauri ke haifar da nawa.

Roƙonmu ga 'yan uwa masu ba da aiki, idan mai sana'a ya ce a jira, a jira, ba lalaci ba ne. Masu sana'a kuma, mu riƙa faɗa wa mutane ranar gaskiya tun wajen ciniki, mu koya wa yaranmu karanta bayan kwalba. Wanda ke da tambaya, ko wani abu da ya gani a nasa aikin wanda ya saɓa da namu, ya rubuto mu ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga asara, ya kai mu gida lafiya.